Yadda Talaka Yake Bin Gwamnati Bashi

Mun san galibinku an sayar da gyaɗa da riɗi da waken suya, wasu sun sayar da shinkafa, kuma bayan an biya bashin taki, an ɗinka wa iyali tufafi, akwai ɗan abin da ya rage a ɗaki. Saboda wannan ɗan abin da ya rage ne muka dakatar da karatun baƙi yau, don mu yi magana a kan wata takarda da ake kira takardar lamuni. Ku ajiye fensir tukuna, ku saurara. Wanda bai gane wani wuri ba ya ɗaga hannu, kamar yadda muka saba.

Tun kaka da kakanni mutanenmu sun san ajiya. Wani ya sayi karsana ko tunkiya ya ba da kiwo. Wani ya zuba hatsi a rumbu sai bazara. Mata suna zubin adashi. Wani kuwa ya ƙunshe kuɗinsa a tsumma, ya sa a tukunya, ya binne a ƙarƙashin gado. Ba mu raina ko ɗaya ba. Amma karsana tana mutuwa, ɓarayi kuma suna kore ta. Rumbu yana da ɓera da gobara. Kuɗin tukunya kuwa, in gara ta bar su, canji ba ya barinsu. Dattawan da ke cikin ajin nan sun tuna 1984, sa'ad da Gwamnati ta sake launin takardun naira, ta ba mutane 'yan kwanaki kaɗan su kai tsofaffin banki. Wanda ya binne nasa bai ji labari da wuri ba, ya tashi da takardun banza.

To, akwai wata hanyar ajiya da yawancin mutanen ƙauye ba su saba da ita ba, watau mutum ya ranta wa Gwamnati kuɗinsa.

Mun ga wasu suna dariya. Kuna cewa, ina talaka ina ba Gwamnati bashi? Ai Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gwamnati ma tana da nata. In tana so ta gina gada ko hanya ko madatsar ruwa, kuɗin haraji da na man fetur na shekara guda ba za su isa ba, ga albashin ma'aikata yana jira. Sai ta nemi rance. Wani lokaci takan nema a ƙasashen waje, wani lokaci kuwa takan juyo ga mutanenta ta ce, duk mai kuɗin da ba ya bukata yanzu ya kawo, za ta riƙe su shekara kaza, tana ba shi wani abu a kai a kai, in wa'adi ya cika ta mayar masa da uwar kuɗinsa cif. Shaidar da take ba wanda ya kawo kuɗin, ita ce takardar lamuni.

Ku lura da kyau, wannan ba haraji ba ne. Haraji in ka biya ya tafi ke nan. Ba kuma gudummawa ba ce. Sa'an nan ta bambanta da hannun jari, wanda kuke ji a rediyo. Mai hannun jari abokin tarayya ne a kamfani, in an ci riba a ba shi, in an faɗi a faɗi da shi. Mai takardar lamuni kuwa mai bin bashi ne. Ko Gwamnati ta ji daɗin aikin da ta yi da kuɗin, ko ba ta ji ba, alkawari yana kanta.

Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a gare mu. Waɗanda suka yi karatun allo a cikinku sun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani tana cikin Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Sau nawa muka ga zumunci ya lalace a gaban alƙali don an ba da rance da baki, wannan ya ce goma, wancan ya ce bakwai? Baki yana mantuwa, shaidu suna mutuwa. Takarda kuwa abin da aka rubuta mata jiya shi za ta faɗa baɗi.

Bari mu zana ta a allo, mu karanta tare. A can sama akwai sunan mai cin bashin, da manyan baƙaƙe. Wannan shi ne abu na farko da idonka zai nema, domin takarda ba ta fi mai ita daraja ba. In Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ce, za ka gani a rubuce. In gwamnatin jiha ce ko wani kamfani, shi ma za ka gani, don su ma suna fid da irin tasu, kuma nauyinsu bai kai na Tarayya ba. Ƙasa da nan sai sunanka, kai mai bin bashi. Ka duba harafi harafi. Wanda sunansa Sani aka rubuta Sale, ranar biya zai sha wuya. Sa'an nan yawan kuɗin, da lamba da kuma kalmomi. Ga amfanin darasin sifiri da muka yi makon jiya, da wasu suka ce ya yi musu wuya: tsakanin 10,000 da 100,000 ɗan zagaye guda ne kurum, amma a kasuwa bambancin akuya da garken awaki ne. Bayan wannan sai abin da za a riƙa ba ka, nawa ne a kan kowace naira ɗari a shekara, kuma a waɗanne watanni. Sai ranar cikar wa'adi, da kwanan wata da shekara. Daga ƙarshe akwai lambar takardar, wadda babu wata takarda mai irinta. Wannan lamba ka kwafe ta a littafinka, ka ajiye dabam.

Abin ya daɗe a ƙasar nan. A 1946, zamanin Turawa, Gwamnati ta nemi rancen fam 300,000 a cikin ƙasa don ayyukan raya ƙasa na shirin shekara goma. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, ya ɗauki nauyin fid da irin waɗannan takardu a madadin Gwamnati. A 1961 aka fara ciniki a kasuwar hannun jari ta Ikko, watau Legas, inda mai takarda zai iya sayar wa wani da tasa. A shekara ta 2000 aka kafa ofishi na musamman mai kula da basussukan Gwamnatin Tarayya, ana kiransa da haruffa uku, D, M, O. Ku riƙe haruffan nan, za mu komo kansu.

Takardun da, abin kallo ne. Ana buga su a kan takarda mai kauri, da zane mai ƙyau kewaye kamar aikin wuyan riga, don kada maƙaryata su iya kwaikwayo. A ƙasashen Turai wasu ba su da sunan mai su ko kaɗan. Duk wanda takarda ke hannunsa shi ne mai ita, kamar takardar kuɗi. A gefenta akwai 'yan ƙananan yankuna jere, kowane da kwanan watansa. In lokaci ya yi, mutum ya sa almakashi ya yanke ɗaya, ya kai banki, a ba shi kuɗinsa. Daɗinta sauƙi, muninta kuwa in ɓarawo ya ɗauke ta, ko wuta ta cinye ta, ba ka da inda za ka kai ƙara.

Za mu ba ku labarin takardu biyu na ƙasashen nesa, don ku gane abin da muke nufi da cewa takarda ba ta fi mai ita daraja ba.

Akwai wata ƙasa a Turai ana ce mata Holan. Ƙasa ce mai kwari, ruwa yana barazanar cinye ta kullum, saboda haka suna da hukumomi masu kula da ganuwar tare ruwa. A 1648 wata irin wannan hukuma ta ranci kuɗi don gyaran bakin wani kogi, ta rubuta shaidar bashin a kan fatar akuya. I, fatar akuya, irin wadda dukawanmu suke jima. Ba a sa mata ranar cikar wa'adi ba, sai dai alkawarin za a riƙa biyan mai riƙe da ita kowace shekara. Sarakuna sun zo sun wuce, an yi yaƙe-yaƙe, kuɗin ƙasar ma ya sake suna, amma magadan hukumar nan ba su ƙi biya ba. Fatar tana hannun Jami'ar Yale ta Amurka. A 2015 jami'ar ta aiki mutum har Holan, aka biya shi na shekara 12 da suka taru, yuro 136 da 'yan kai. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, ko kuɗin jirginsa ba su biya ba. Amma ku dubi alkawarin da ya shekara fiye da 360 ana cika shi.

Ta biyu kuwa ta ƙasar Rasha ce. Sarakunan Rasha na da sun ranci kuɗi masu yawa don gina hanyoyin jirgin ƙasa da sauran ayyuka, kuma talakawan Faransa da yawa sun zuba ajiyarsu a ciki, don takardun suna da ƙyau, suna ɗauke da tambarin babban sarki. Aka yi juyin mulki a 1917. A 1918 sababbin masu mulki suka ce bashin sarki ba nasu ba ne, ba za su biya ko anini ba. Mutane suka zauna da takardu a akwati, 'ya'ya suka gada, jikoki suka gada. Sai a 1997 Rasha da Faransa suka ƙulla yarjejeniya ta dala miliyan 400, wadda da aka raba ba ta kai ko kusa da abin da ake bi ba.

Irin waɗannan matattun takardu ba su rasa masu so ba. Akwai mutane masu sha'awar tara su, yadda wasu ke tara tsofaffin kan sarki ko kuɗin da. Suna saye don zanen da tarihin, su sa a gilashi su rataya a bango. Wannan sha'awa ce, ba laifi. Amma farashin ado dabam, bin bashi dabam. In wani ya zo muku da tsohuwar takarda mai rubutun wata ƙasa, ya ce gwamnatin can za ta biya miliyoyi, ku kawo kuɗi a shiga tarayya, ku ba shi ruwa ya sha ya kama hanya. In kuwa a adakar mahaifinka ka tsinci tsohuwar takarda mai sunan Gwamnatin Nijeriya da sunansa, kada ka yar, kada kuma ka sayar wa baƙo. Ka kwafi lambarta, ka kai reshen Babban Banki na babban birnin jiharku a duba maka ko an riga an biya.

Yanzu mu komo gida, mu komo yau. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, takardar lamuni ta zamanin nan galibi ba takarda ba ce da za ka riƙe a hannu. Tun 1997 aka buɗe wata ma'ajiya ta kwamfuta, ana kiranta C, S, C, S, inda ake rubuta sunan kowane mai saye da abin da ya mallaka. Kai abin da za a ba ka shi ne lambar asusunka, da takardar bayani mai nuna abin da kake da shi, da saƙo a waya. Mun san wannan yana tayar wa dattawa hankali, don gani ya kori ji. Amma ku duba, abin da ke cikin rajista gara ba ta cinsa, ɓarawon dare ba ya haura katanga ya ɗauka. Kuma dukan abubuwan nan da muka zana a allo suna nan a takardar bayanin, sai dai babu zanen ado.

Da can galibi manyan attajirai da bankuna ne ke saye. A watan Maris na 1917 ba, a watan Maris na 2017 muke nufi, kada ku rikita da shekarar Rasha, ofishin DMO ya fito da wata iri don masu ƙaramin ƙarfi, takardar lamuni ta tanadi. Ana farawa daga naira 5,000, a ƙara dubu dubu yadda mutum ya iya. Wa'adinta shekara 2 ne ko 3. Ana fid da ita wata wata, kuma ana biyan mai ita bayan kowane wata uku, kai tsaye cikin asusunsa na banki.

Mun ga malam can baya ya ɗaga hannu, kuma mun san abin da zai tambaya. Abin nan da ake biya bayan wata uku, ba kuɗin ruwa ba ne? Gaskiya ɗaya ce, kuɗin ruwa ne. Ka ba da rance, an mayar maka da ƙari wanda aka yanka tun farko. Malaman Musulunci sun ce wannan riba ce wadda shari'a ta hana, kuma ba mu zo nan mu yi wa kowa kwana-kwana ba. Wannan dalili ne ya sa mutanen Arewa da yawa suka daɗe suna nesa da takardun nan. 'Yan'uwanmu da addininsu bai hana su ba, ga hanya nan a buɗe.

Saboda Musulmi kuwa aka fito da wata iri da ake kira sukuk. Kalmar Larabci ce, jam'in sakku, watau takardar shaida. Ga yadda take. Maimakon ka ba Gwamnati rance, kai da sauran masu saye kuna haɗa kuɗi a gina wani abu da ido ke gani, kamar hanyar mota. Kowa yana da rabo a cikin hanyar gwargwadon kuɗinsa. Sai Gwamnati ta karɓi hayar hanyar daga gare ku, tana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara. In wa'adi ya cika, ta saye rabonku, ta mayar muku da uwar kuɗi. Kamar dai mutum goma su haɗa kuɗi su gina rumfa a kasuwa, su ba da ita haya, su riƙa raba abin da ya shigo. Babban Banki yana da majalisar malamai masana wannan fanni, su suke dubawa su amince kafin a fitar. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tafi wurin malamin da ya yarda da shi, ya bayyana masa yadda abin yake kamar yadda muka bayyana muku, ya ji fatawa.

Gwamnatin Tarayya ta fid da sukuk na farko a watan Satumba na 2017, na naira biliyan 100, wa'adin shekara 7, don ayyukan hanyoyi 25 a sassan ƙasar nan shida. A cikinsu akwai sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Waɗanda suke tafiya fatauci sun ga allunan da aka kafa a bakin hanya masu ɗauke da kalmar sukuk, yanzu kuma kun iya karanta ta da kanku. Mafi ƙarancin abin da aka karɓa naira 10,000 ne. Hayar kuwa naira 16 da kwabo 47 ce a kan kowace naira 100 a shekara.

To, ku ɗauki fensir yanzu, mu yi lissafi. A ce wani manomi ya sayar da amfanin gonarsa a 2017, ya sa naira 100,000. A shekara hayarsa naira 16,470 ke nan. An raba biyu, kowane wata shida yana karɓar 8,235. Shekara 7 sau biyu biyu, biya 14 ke nan. In ka tara, naira 115,290. A watan Satumba na 2024 wa'adi ya cika, Gwamnati ta biya masu sukuk ɗin nan uwar kuɗinsu, shi ma ya karɓi 100,000 ɗinsa. Bai yi noma a kansu ba, bai yi kiwo ba, bai biya makiyayi ba.

Da mu 'yan talla ne, da a nan za mu tsaya. Amma mu malamanku ne, dole mu gaya muku sauran.

Naira 100,000 da aka mayar wa manomin nan a 2024 ba su ne 100,000 da ya bayar a 2017 ba, ko da yake lambar ɗaya ce. A 2017 litar fetur naira 145 ce. Kuɗinsa a ran nan za su sayi kusan lita 690, abin da zai daɗe yana zuba wa injin ban ruwa. A Satumba na 2024 lita ta haura naira 800, kuɗin nan ba za su sayi lita 125 ba. Ku da kanku kun san yadda buhun taki da buhun gero suka yi a tsakanin shekarun nan, ba sai mun faɗa ba. Wannan ita ce babbar cutar takardar lamuni: tsadar kaya tana cinta a ɓoye, kamar yadda zago ke cin azara, waje lafiya lau, ciki gari. Gwamnati ba ta saɓa alkawari ba, abin da ta rubuta shi ta biya. Kuɗin ne suka rage ƙarfi. Amma fa ku tuna da maƙwabcinsa wanda ya binne nasa 100,000 a tukunya. Shi ma zagon ya ci nasa daidai wa daida, kuma bai karɓi hayar ko kwabo ba. Wanda ya sayi maruƙa kuwa, in sun rayu, in ba a sace ba, mai yiwuwa ya fi su duka. Saboda haka a ganinmu kada mutum ya sayar da dabbobinsa kaf ya sayi takarda. Ya raba, wani abu a turke, wani a rumbu, wani a takarda.

Abu na biyu, kuɗin da ka san za ka bukata kafin damina, na iri da taki da 'yan ƙwadago, ko na auren 'ya da aka sa wa rana, kada ka kai su can. Gaskiya ne kana iya sayar da takardarka kafin wa'adi, ta hannun dillali. Amma farashin ran nan kasuwa ce ke yanka shi. A ce taka tana ba da 10 a kan 100, sai Gwamnati ta fito da sabuwa mai ba da 15. Wa zai sayi taka da cikakken kuɗinta, ga sabuwa ta fi ta? Sai ka rage. Wanda ya haƙura har ranar wa'adi, shi wannan bai shafe shi ba.

Abu na uku, ita kanta gwamnati takan shiga matsi. Ba sai mun je Rasha ba. Da yawanku kuna da dangi a zangunan Gana, tun zamanin fataucin goro. A watan Disamba na 2022 bashi ya yi wa gwamnatin Gana yawa, ta nemi masu riƙe da takardunta su karɓi sababbi masu ƙarancin biya da dogon wa'adi a madadin na hannunsu. A farkon 2023 tsofaffin ma'aikata 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a birnin Akra, har da tsohuwar babbar alƙaliyar ƙasar, kafin a tsame su daga shirin. Ba muna cewa haka za ta faru a nan ba. A cikin masu cin bashi na ƙasa, Gwamnatin Tarayya ita ce mafi ƙarfin biya. Muna so dai ku sani babu ajiyar da ba ta da nata haɗari.

Amma haɗarin da ya fi kusa da ku ba daga Gwamnati yake ba. Daga mutumin nan yake mai tsabtar riga da jaka a hannu, wanda zai sauka a garinku ranar kasuwa da takardu masu launi da hatimin zinariya, ya ce shi wakili ne, ku kawo kuɗi a hannu, wata mai zuwa su ninka. Kun ji labarin MMM, wanda ya yi wa mutane alkawarin 30 a kan 100 a wata guda, ya rufe a watan Disamba na 2016 da kuɗin jama'a masu yawa. Ku gwada da abin da muka lissafa ɗazu. Gwamnati da duk ƙarfinta 16 da 'yan kai ta biya a shekara cur. Wane ne shi da zai biya 30 a wata? Wace gona yake nomawa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma irin waɗannan mutane sun fi son wanda ba ya karatu, don shi hatimi yake kallo, ba rubutu ba. Za su ce dangwala nan, ya dangwala.

Ga yadda ake saye na gaskiya. Sai kana da asusu a banki da sunanka, da lambar BVN, da katin shaidar ɗan ƙasa. Takardar tanadi ana sayenta ta hannun kamfanonin dillalan hannun jari waɗanda ofishin DMO ya amince da su, kuma ofishin yana buga sunayensu a intanet. Ka sa ɗanka ko malamin aji ya duba maka ko sunan dillalin yana ciki, ko ka tambaya a bankinka. Sukuk kuwa ba kullum ake fid da shi ba. In lokacinsa ya zo ana sanarwa a rediyo da jaridu, a faɗi ranar buɗewa da ranar rufewa, a kuma faɗi bankuna da dillalan da ke karɓa. Za a ba ka fom ka cika. Ka karanta kafin ka sa hannu, ko da zai ɗauke ka rabin yini, ba wanda ya isa ya hanzarta ka a kan kuɗinka. Kuɗin kuma ta banki za su bi zuwa asusun kamfanin, ba asusun wani mutum ba, ba kuma aljihunsa ba. Ka karɓi rasit. Bayan 'yan kwanaki ka nemi takardar bayani mai nuna sunanka da lambar asusunka na CSCS da yawan abin da ka saya. Mata ma suna da ikon saye da sunansu, ba sai da sunan miji ba, kuma masu adashi suna iya sa kwasarsu a ciki.

Saura magana guda, wadda mutane ba sa son ji. Dukanmu masu tafiya ne. Kuɗin tukunya sau da yawa sukan ɓace don mai su ya rasu bai gaya wa kowa inda ya binne ba. Na rajista ma haka suke ɓacewa in magada ba su san da su ba, tun da babu abin da za a tarar a ɗaki. Saboda haka ka sami littafi guda, ka rubuta da hannunka: ran kaza na sayi kaza, ta hannun kamfani kaza, lambata kaza, wa'adi ran kaza. Ka nuna wa babban ɗanka ko matarka ko wani amini. In ta Allah ta kasance, magada za su nemi takardar gado daga kotu, su kai wa dillalin tare da wannan bayani, a fid da haƙƙinsu a raba.

Aikin gida na wannan mako ga shi a allo, ku kwafa. Wata mata ta kwashi adashi, ta sa naira 20,000 a sukuk mai hayar naira 15 a kan kowace 100 a shekara, ana biya sau biyu. Nawa za ta karɓa kowane wata shida? Nawa za ta tara a shekara 7? Ran Laraba in Allah ya kai mu kowa ya zo da amsarsa, mu kuma za mu zo da fom na gaske, mu cika shi tare layi layi. Wanda ke da wata tsohuwar takarda a gida da bai san ko ta mece ce ba, ya zo da ita mu karanta.